Fatar da Ba Kowane Mai Ke Karɓarta Ba

Da wuya a zauna ana hirar kayan shafa ba a ji wata ta ce mai kaza bai karɓe ta ba. Ta shafa fuska ta ɗauki raɗaɗi, ko ƙaiƙayi ya taso mata a wuya da damatsa, ko bayan kwana biyu ƙananan ƙuraje su feso. Maza ma suna fama da wannan, musamman bayan aski da gyaran fuska, sai dai ba su cika faɗa ba. Abin da aka saba yi shi ne a ajiye wannan kwalba a koma shago, mai shago kuma ya miƙo wadda ta fi tsada, ta fi ƙamshi, aka jera sunayen ganyaye da 'ya'yan itatuwa a jikinta. A ganina daga nan ake ɓata hanya. Fata mai saurin raɗaɗi ragi take nema, kuma man da ya dace da ita shi ne wanda kayan haɗinsa ba su da yawa, babu turare a cikinsa, sannan bai yi nauyin da zai sa mutum ya gaji da shafa shi ba a ƙasar da zafinta kan haura digiri 40. Wannan magana tana da hujjoji, tana kuma da wuraren da za a iya ja da ita, kuma duka biyun sun cancanci a tsaya a kansu.

Sai an san aikin saman fata kafin a gane dalilin. Ɓangaren da muke taɓawa da hannu wani siririn rufi ne na matattun ƙwayoyin halitta da aka jera hawa-hawa, kaurinsa a yawancin jiki bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na milimita ba. A farkon shekarun 1980 wani likitan fata na Amurka, Peter Elias, ya kwatanta shi da katanga: matattun ƙwayoyin su ne tubali, wani maiƙo da jiki ke ƙerawa da kansa kuma shi ne lakar da ke riƙe su. Kusan rabin wannan maiƙo wani sinadari ne da ake kira seramid, kusan rubu'insa kolestarol, sauran kuma dangin kitse ne. Katangar tana hana ruwan jiki tserewa, tana kuma hana abin da ke waje shigowa. Idan lakar ta zaizaye sai ruwa ya riƙa fita fiye da ƙima, fata ta bushe ta yi furu-furu, sabulu da turare da gumi su sami kafar isa ga jijiyoyin da ke ƙasa. Raɗaɗin da ake ji ke nan. Wasu da haka aka haife su: a 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee ta Sikotilan, ƙarƙashin Irwin McLean, sun nuna cewa tangarɗa a ƙwayar gadon da ke sarrafa wani furotin mai suna filagirin tana da alaƙa mai ƙarfi da cutar nan ta bushewar fata da ƙaiƙayi wadda likitoci ke kira eczema. Amma mutane da yawa da hannunsu suke rusa katangar ba tare da sun sani ba.

A ƙasar Hausa abubuwan da ke rusa ta suna da yawa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu kan sauke laimar iska ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana a wurare irin su Kano da Sakkwato da Damagaram, kuma busasshiyar iska tsotse ruwa take yi daga duk abin da ta samu, har da fata. A daidai lokacin ne kuma ake wanka da ruwa mai zafi sosai, wanda ke narkar da maiƙon fata. Ga sabulu. Saman fata mai lafiya yana da ɗan tsami, a ma'aunin da masana ke amfani da shi yana wajen 5, sabulun dunƙule kuwa yakan kai 9 ko 10, wato ya karkata ɓangaren kanwa. Sabulun salo ma da toka ake yin sa, don haka kasancewarsa na gargajiya bai fitar da shi daga wannan sahu ba. A haɗa da soso mai kaushi da ake dirzawa da shi har sai fata ta yi ƙara, da omo da hannun mata ke kwana a ciki wajen wanki da wanke-wanke, da dilka da ake maimaitawa kusa-kusa gabanin biki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan fata mai ƙarfi za ta iya jurewa. Idan suka taru a kan fata mai rauni, duk man da aka shafa bayansu shi zai ɗauki laifi, ko da ba shi ya yi ɓarnar ba.

Akwai wani abu da ya keɓanci baƙar fata wanda ya sa wannan batu ya wuce kwalliya. A farar fata kumburi yakan fito ja, kowa ya gani. A tamu jan ba ya bayyana sosai, sai wurin ya yi duhu ko toka-toka, a ɗauka ba komai. Bayan kumburin ya lafa kuma yakan bar baƙin tabo da zai yi watanni bai gushe ba, domin ƙwayoyin da ke ba fata launi suna ƙara aiki a duk inda aka yi rauni. Tabon nan shi ke tura mutane da yawa wajen man bilicin, ko waɗannan mayukan bututu masu haɗin magani uku da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, a matse su cikin man shafawa. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, irin su kulobetasol da betametason, waɗanda idan aka daɗe ana shafawa suke sirantar da fata, su fito da jijiyoyi da nankarwa, su bar fuskar da ko ruwa ya taɓa sai ta yi zafi. Wasu kuma akwai haidurokwinon a ciki, wanda yawan amfani da shi kan jawo wani baƙi mai wuyar magani a kumatu, wasu har da sinadarin makuri mai illa ga ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan sa hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Dole a faɗi gaskiya a nan: babu man sanyaya fata, komai kyansa, da zai yi aiki muddin ana ci gaba da shafa waɗannan. Wadda ta daɗe a kan sitiroyid kuma bai kamata ta yanke rana ɗaya ba tare da shawarar likita ba, domin fatar kan yi bore idan aka daina kwatsam.

To, mene ne man shafawa yake yi? Ayyuka uku ne, kuma kowane mai haɗi ne na masu yin su. Akwai sinadaran da ke jawo ruwa su riƙe shi a saman fata, babbansu gilisarin, wanda aka sani tun 1779 lokacin da Carl Scheele na Suwidin ya gano shi, sai yuriya da sinadarin hayaluronik da ake yawan tallatawa yanzu. Akwai masu rufe fata su hana ruwan fita, kamar basilin da man farafin da daimetikon. Akwai kuma masu cike giɓi tsakanin ƙwayoyin da suka tattashi su sa fata ta yi santsi, irin su man kaɗanya da sauran mayukan tsirrai da seramid. Bambancin mai nauyi da mara nauyi a yawan ruwan da ke ciki yake. Basilin ba ruwa a cikinsa sam. Kirim na cikin gwangwani ruwa ne da mai da aka haɗa su da wani sinadari mai hana su rabuwa, dabarar da kamfanin Beiersdorf na Hambug ya yi fice da ita tun da ya fitar da Nivea a 1911. Loshan, wato mai ruwa-ruwa na cikin kwalba, mafi yawansa ruwa ne, shi ya sa yake shigewa da wuri ba ya barin maiƙo.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan mara nauyi ita ce basilin. Tun da Robert Chesebrough ya yi masa rajista a Amurka a 1872, ba a sami abin da ya fi shi tare ruwa ba: yana iya rage fitar ruwa daga fata da fiye da kashi 90 cikin 100, yana da arha, kuma da wuya ƙwarai ya jawo borin fata. Likitoci sun daɗe suna koyar da cewa gwargwadon kaurin mai gwargwadon amfaninsa. Me zai sa a bar shi a koma ga abin da rabinsa ruwa ne? Amsar ta fito daga wani gwaji da masu bincike a Jami'ar Bristol ta Ingila suka jagoranta, aka buga sakamakonsa a 2022. Sun ɗauki yara 550 masu eczema, suka raba su gida huɗu ta hanyar ƙuri'a: wasu loshan, wasu kirim, wasu jel, wasu mai kauri irin basilin, aka bi su tsawon mako 16. Da aka auna sauƙin da aka samu, ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin rukunonin huɗu ba. Inda bambanci ya fito shi ne wajen gamsuwa, domin iyalai sun fi jin daɗin loshan da jel. Ma'anar wannan a fili take. Ƙarfin mai a ɗakin gwaji daban, amfanin da zai yi a gida daban, saboda sai an shafa shi kullum, da yawa, sannan yake aiki. Ƙa'idar da likitocin Ingila ke bi ita ce a ba yaro mai eczema gram 250 zuwa 500 na mai a kowane mako. Wa zai iya shafa basilin mai yawan haka a watan Afrilu a Maiduguri, gumi na tsiyaya, ƙura na mannewa, riga na ɓaci? Mai kauri a irin wannan yanayi yakan toshe ƙofofin gumi ya tayar da ƙurajen zafi, mutum ya yi kwana uku ya watsar. Wanda aka shafa safe da yamma ba fashi, ko da ƙarfinsa bai kai ba, ya fi wanda ke ajiye a kan madubi amfani nesa ba kusa ba.

Sai dai rashin nauyi yana da nasa farashin, kuma masu talla ba sa ambatonsa. Duk abin da ke da ruwa a ciki ƙwayoyin cuta suna iya rayuwa a cikinsa, don haka dole a zuba masa sinadarin hana lalacewa, a kuma ƙara wanda zai riƙe ruwa da mai wuri ɗaya. Waɗannan ƙarin su ne sukan yi wa fata mai rauni zafi. A gwajin na Bristol kansa, ƙorafin raɗaɗi ya fi ƙaranci a wajen masu shafa mai kauri, kusan rabin abin da aka samu a sauran rukunonin. Tarihin sana'ar ma ya nuna haka. Wani sinadarin hana lalacewa da ake rubutawa methylisothiazolinone a jikin kwalba ya jawo borin fata ga mutane masu yawa a Turai, har Tarayyar Turai ta hana sa shi a duk abin da ake shafawa a bari a jiki daga 2017. Haka wani farin kirim mai arha da ake kira Aqueous Cream, wanda aka shafe shekaru ana rubuta wa masu eczema: a 2010 masu bincike a Jami'ar Bath suka nuna cewa sinadarin kumfa da ke cikinsa, wanda ake rubutawa sodium lauryl sulfate, yana sirantar da saman fata har ga masu lafiya, kuma a 2013 hukumar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kansa. Har yau ana samun irinsa a kantuna, don haka sai an duba bayan gwangwani. Abin da nake ɗauka daga wannan shi ne kada a riƙe mara nauyi kamar aƙida. Idan fata ta tsage, ta yi faso, ko tana zafi da duk abin da aka sa, a koma basilin zalla mara turare na wasu kwanaki har ta haɗe, sannan a dawo ga mara nauyi don yau da kullum. Wuraren da suka fi shan wuya da hunturu, dunduniya da leɓe da bayan hannu, a bar musu mai kauri duk tsawon lokacin.

Turare shi ne abin da ya fi wuyar rabuwa da shi, domin mu mutane ne masu son ƙamshi, kuma yawancinmu da hanci muke zaɓen mai. Amma a duk inda likitocin fata suka yi gwajin gano abin da ke jawo wa mutane bori daga kayan shafa, turare yana sahun gaba. Kalma ɗaya da ake rubutawa a jerin kayan haɗi, Parfum ko Fragrance, tana iya ɓoye sinadarai gommai. Shi ya sa Tarayyar Turai ta tilasta wa kamfanoni su ambaci sinadaran ƙamshi 26 da sunansu tun 2005, a 2023 kuma ta faɗaɗa jerin zuwa kusan 80. Rubutun gaban kwalba ma ba abin dogaro ba ne. A 2017 masu bincike a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun duba mayukan shafawa 174 da suka fi kasuwa a can. Daga cikin waɗanda suka yi iƙirarin babu turare, kashi 45 cikin 100 suna da wani sinadarin ƙamshi ko na tsiro mai iya yin irin aikinsa. Daga cikin waɗanda suka ce ba sa jawo bori, kashi 83 cikin 100 suna da aƙalla sinadari ɗaya da aka san yana jawo shi. Idan haka lamarin yake a ƙasar da ake sa ido, ina ga kasuwar da kaya ke shigowa ta kowace iyaka? Jerin kayan haɗi na bayan kwalba shi ne abin karantawa, kuma gajeren jeri ya fi dogo aminci. Ba a ce a bar ƙamshi ba. Humra da turaren wuta a kan tufafi za su ba da duk ƙamshin da ake so ba tare da an kwana da shi a kan fata ba.

Wasu za su ce duk wannan matsalar kayan bature ce, a koma ga na gargajiya a huta. Akwai gaskiya a ciki. Man kaɗanya abu ne mai daraja, itacensa yana tsirowa daga Senegal har zuwa Yuganda, Najeriya ce kan gaba wajen samar da ƙwallonsa, kuma manyan kamfanonin duniya daga hannun matan karkararmu suke sayensa su zuba a mayukan da suke dawo mana da su da tsada. Yana da kitse mai laushi ga fata da wasu sinadarai da ke taimakawa wajen rage kumburi, kuma ba kasafai yake jawo bori ba. Mai kyau, mai tsabta, wanda bai yi ɗoyi ba, ya isa ya riƙe jiki da hunturu. Iyakarsa ita ce ba ruwa a cikinsa, don haka a busasshiyar fata ba abin da zai tare, sai an shafa shi da danshin wanka, kuma da bazara yana yi wa mutane da yawa nauyi, musamman a fuska. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. A 2013 masu bincike a Jami'ar Sheffield sun sa manya suna shafa man zaitun a hannu ɗaya tsawon mako 4, suka tarar ya raunana katangar fata har ya jawo ɗan kumburi, alhali man iri na furen sunfulawa bai yi haka ba. Wannan bai taɓa darajar zaitun a matsayin abinci ba, magana ce ta shafa shi kullum a fata mai rauni. Ruwan lemon tsami da ake matsawa a haɗin gyaran fuska kan ƙona fata idan rana ta same ta, ya bar tabon da ya fi wanda ake son gogewa. Mayukan ƙamshi da ake tatsowa daga ganye da fure kuwa turare ne cikakke a wajen fata, ko da an rubuta musu sunan na halitta.

Kalmar sanyayawa ita ma tana ruɗin mutane. Sanyin da ake ji daga mentol ko kafur, irin na man zafi, jijiyoyi ne kawai ake taɓawa, ba gyara ake yi ba, kuma a fata mai rauni yakan koma raɗaɗi. Wasu mayukan marasa nauyi kuma da sinadarin alkohol mai tashi ake sa su bushe nan take, shi ma yana ƙara busar da fata idan ya yi yawa. Waɗanda ke da hujja a bayansu ba su da yawa. Akwai garin hatsin ot da aka niƙa lukui, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2003 a matsayin mai kare fata. Akwai niyasinamid, wani nau'in bitamin B3 da ke taimaka wa fata ta ƙera seramid nata, da fantinol, dangin bitamin B5. Samun ɗaya daga cikinsu a mai alheri ne, amma ƙari ne a kan tushe, kuma tushen bai wuce gilisarin da ɗan abin rufe fata ba. Yuriya tana da kyau ga kaushin ƙafa, sai dai tana yin zafi a wurin da ya tsage.

Batun kuɗi ba ƙarami ba ne a halin da ake ciki, kuma mai karatu zai iya cewa wannan shawara ta masu hali ce, tunda mayukan da likitoci ke ambata na waje ne, kwalba ɗaya ta cinye kuɗin cefanen mako. Amma abin da ke yin aikin a cikinsu yana daga cikin mafi arha a sana'ar. Gilisarin da farafin da man kaɗanya ba kayan tsada ba ne, abin da ke ɗaga farashi shi ne suna da talla da kwalba da kuɗin shigowa. Tun da yawan shafawa ne ke kawo sauƙi, babbar kwalba mai sauƙin kuɗi da za a shafa ba tare da tsumulmula ba ta fi ƙaramar mai tsada da ake lakata da ɗan yatsa. Inda ya kamata a yi tsauri shi ne wajen sanin abin da ke ciki. Man haɗi da ake sayarwa a roba ba rubutu, ta WhatsApp ko Instagram, ana kiransa na halitta, ba wanda ya san abin da aka zuba masa sai mai haɗawa, kuma duk man da ya haskaka fata cikin mako ɗaya ko biyu akwai abin tambaya a kansa. Lambar rajista ta hukuma da ranar lalacewa da cikakken jerin kayan haɗi su ne mafi ƙarancin abin da mai saye zai nema.

Yadda ake shafawa yana da tasiri kusan daidai da abin da ake shafawa. Lokacin da ya fi shi ne cikin 'yan mintuna bayan wanka, a tsane jiki da tawul ba tare da gogewa ba, a shafa tun da sauran danshi. Sabon mai kuma kada a fara da fuska. A shafa kaɗan a cikin dantse sau biyu a rana na kwana 7 zuwa 10, domin borin fata na gaske yakan ɗauki kwanaki kafin ya fito, kuma a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya don a gane mai laifi. Ga Musulmi akwai alwala sau biyar a rana, wadda ke jiƙa fuska da hannuwa da ƙafafu, ruwan kuma ya bushe a iska ya tafi da danshin fata. A nan mara nauyi yana da fifiko na musamman: ƙaramar kwalba a aljihu ko jaka, a shafa bayan kowace alwala, kafin ta gaba ya riga ya shige. Malaman fiƙihu dama sun bambanta abin da ke da jiki mai hana ruwa isa ga fata da ɗan maiƙon da ya saura bayan mai ya shige. Akwai kuma gargaɗin da ya shafe mu kai tsaye da hunturu. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta sha faɗakarwa cewa tufafi da zanen gado da suka sha mai suna kama wuta da sauri, kuma a 2018 ta ce gargaɗin ya haɗa da mayukan da ba su da farafin. Mai jin ɗumi a gaban gawayi, ko mai girki da itace, musamman tsofaffi da yara, sai a kula.

Man shafawa yana da iyaka, kuma sanin iyakar yana cikin amfani da shi daidai. Yana lallashin fatar da ta riga ta yi rauni, amma ba rigakafi ba ne: wani babban gwaji a Birtaniya da aka buga a 2020, a kan jarirai kusan 1,400, ya nuna cewa shafa musu mai kullum tun daga haihuwa bai hana eczema fitowa ba. Kuma ba kowane ƙaiƙayi ne na bushewa ba. Wanda ke tsananta da dare, ya kama tsakanin yatsu, kuma mutanen gida da yawa suna susa, ƙazuwa ce, tana da maganinta, kuma sai an yi wa kowa a gidan lokaci ɗaya. Makero da kyasbi naman gwari ne ke kawo su, sitiroyid kuma ƙara musu ƙarfi yake yi. Ƙaiƙayin da ya game jiki ba tare da ƙurji ba yana iya zama alamar ciwon hanta ko ƙoda ko suga. Idan an bar turare da soso mai kaushi, an rage sabulu, an yi mako biyu zuwa uku ana shafa mai mara tarkace safe da yamma amma ba sauƙi, ko wurin ya fara ruwa ko ɓawon rawaya, ko ƙaiƙayin yana hana yaro barci, lokacin zuwa asibiti ya yi. Likitocin fata ba su da yawa a yankinmu, yawancinsu suna manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, amma likitan asibitin kusa zai iya gane mafi yawan waɗannan cututtuka ya kuma tura wanda ya fi ƙarfinsa gaba. Mai zuwa ya tafi da duk kwalabe da bututun da yake shafawa, har da man haɗin da yake jin nauyin nunawa, domin sau da yawa a cikinsu likita zai ga dalilin ciwon.